Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Katin Bashi Na Kamfanonin Jiragen Sama

Daga Fasinjojin Rukuni Na 9, zuwa ga Mai Girma Kati, mazaunin aljihunan Amurkawa. 

Masu wannan takarda, waɗanda su ne fasinjojin da ake kira a ƙarshe idan jirgi zai tashi, kuma suke tarar da ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ta riga ta cika, sun ga ya dace su miƙa jinjina ga Mai Girma, tare da wasu 'yan koke-koke da ba su taka kara sun karya ba. Ga wanda bai san shi ba, Mai Girma kati ne da banki ke bayarwa da sunan wani kamfanin jiragen sama, wanda mai riƙe da shi ke sayayya bashi ya biya daga baya, a kuma rubuta masa maki a kan kowace dala da ya kashe. Makin nan shi ake kira mil, kuma idan ya taru ana musayar sa da tikitin jirgi.

Asalin Mai Girma ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1978 gwamnatin Amurka ta janye hannunta daga ƙayyade farashin tikiti, sai gasa ta yi tsanani, har kamfanin American Airlines ya ƙirƙiro shirin AAdvantage a 1981 domin saka wa wanda ya yawaita tafiya da shi. A 1987 bankin Citibank ya fito da kati mai ɗauke da sunan shirin, kamfanin jiragen Delta kuma ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da American Express a 1996. Tun daga lokacin ne ladan da aka tanada domin matafiyi ya koma na mai kashe kuɗi, ko da kuwa iyakar tafiyarsa daga gida zuwa kanti ce.

Babban karamcin Mai Girma shi ne kyautar maraba, wato dunƙulen mil da ake bai wa sabon mai kati, wanda sau da yawa yakan kai 50,000 ko fiye. Sai dai kyautar tana da sharaɗin da ake rubutawa da ƙananan haruffa, cewa sai mutum ya kashe wasu dubban daloli cikin watanni uku ko shida na farko, kuma a mafi yawan katunan akwai kuɗin shekara da za a riƙa cira bayan haka. Masu wannan takarda sun yi mamakin irin hikimar da ke sa magidanci ya sayi firji na biyu alhali na farkon bai lalace ba, don kawai kada wa'adi ya cika bai kai adadin ba, sannan ya gaya wa maƙwabta cewa ya samu tikiti kyauta. Lalle banza ba ta kai zomo kasuwa.

Da yake duk inda aka yi rabo ba a rasa masu zarra, Mai Girma ya haifar da wata jama'a da ta mayar da farautar kyautar maraba sana'a, suna buɗe kati su kwashe mil su rufe, su buɗe wani. Daga 2008 zuwa 2011, lokacin da hukumar buga kuɗin Amurka ke aika tsabar dala ɗaya-ɗaya har gida ba tare da cajin dako ba, wasunsu sun riƙa sayen tsabar da kati, su kai ta banki su biya bashin da ita, mil kuma ya zama ribarsu, har sai da hukumar ta daina karɓar katin bashi. Bankuna ma sun ɗauki mataki, domin Chase kan ƙi bai wa wanda ya buɗe katuna 5 cikin watanni 24, American Express kuma ta sa dokar cewa kyautar maraba ta kowane kati sau ɗaya ake samun ta a rayuwa. Wannan ya nuna cewa Mai Girma yana son baƙo, amma ba mai iya lissafi ba.

Abin da ya fi burge masu wannan takarda shi ne sarautun da Mai Girma ke taimakawa a naɗa. A Delta akwai hawa huɗu, na Azurfa da Zinariya da Filatinam da Lu'ulu'u, kuma mai sarauta yana samun hawa jirgi da wuri, da ɗaukar jaka ba biya, da fatan a ɗaukaka shi zuwa kujerun gaba idan akwai gurbi. Da can sai wanda ya ƙare rayuwarsa a sararin sama ake naɗawa, amma a 2022 American ta koma lissafi da makin da sayayya da kati ma ke samarwa, ta yadda mutum zai iya samun rawani bai taɓa ɗaura bel ɗin kujera ba. Sakamakon haka sarakai suka yi yawa a fada. Hawa da wurin da aka yi wa mai katin American alkawari shi ne rukuni na 5 cikin 9, kujerun gaba kuma yanzu mafi yawansu sayar da su ake yi, zaurukan hutawa na filin jirgi, waɗanda aka gina domin manya su tsere wa cunkoso, sun kai ga ana bin layi a ƙofarsu.

Da cunkoson ya ishi Delta, sai a watan Satumba na 2023 ta sanar da cewa sarautar Lu'ulu'u za ta buƙaci dala 35,000 a shekara, za a kuma ƙayyade shiga zaure. Masu rawani suka yi ca, shugaban kamfanin Ed Bastian ya amsa cewa an wuce gona da iri, aka rage adadin zuwa dala 28,000. Mai katin Reserve na Delta, wanda ke biyan dala 650 kowace shekara, ya tsira da izinin shiga zaure sau 15 a shekara, sai fa in ya kashe dala 75,000 da katin. Wanda ke zaton rawanin mallakinsa ne kuwa, ya tuna da Rabbi Binyomin Ginsberg, wanda kamfanin Northwest ya tuɓe saboda yawan ƙorafi, kuma a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba.

Game da inda dukiyar ke fitowa, Mai Girma bai cika son a yi magana ba. Banki ne ke sayen mil daga kamfanin jirgi da tsabar kuɗi, kuma a 2023 kaɗai Delta ta karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga American Express. Da annobar korona ta tsayar da jirage, shirye-shiryen mil aka jinginar aka ci bashi: United dala biliyan 6.8, Delta biliyan 9, American biliyan 10. Shi kuma banki yana mayar da kuɗinsa ta hanyoyi uku, wato kuɗin shekara, da kuɗin ruwan da matsakaicinsa ya haura kashi 20 cikin 100 a 2023, da la'adar kimanin kashi 2 cikin 100 da mai kanti ke biya a kan kowane ciniki. Mai kanti yana zuba la'adar a farashi, don haka tsohuwar da ta sayi burodi da tsabar kuɗi, wadda ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba, tana da kaso a cikin shayin da ake sha a zaure. Wani bincike da Babban Bankin Amurka ya wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa katunan lada na kwashe kimanin dala biliyan 15 a shekara daga marasa ƙwarewa a harkar kuɗi zuwa ga ƙwararru. A Tarayyar Turai, inda aka ƙayyade la'adar a kashi 0.3 cikin 100 tun 2015, karamcin Mai Girma bai kai haka ba.

Mil ɗin ma ba shi da tsayayyen farashi, domin wanda ke buga shi shi ne ke yanke darajarsa. A 2015 Delta ta cire jadawalin da ke nuna yawan mil ɗin da kowace tafiya ke ci, ta yadda abin da ya isa tikiti bara yana iya gazawa bana ba tare da sanarwa ba. Irin wannan ne ya sa a Satumban 2024 Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta buɗe bincike a kan shirye-shiryen American da Delta da Southwest da United.

Saboda haka masu wannan takarda suna roƙon abubuwa uku. Na farko, a rubuta kuɗin ruwa da haruffa masu girman waɗanda ake rubuta kyautar maraba da su. Na biyu, a mayar da jadawalin darajar mil, a kuma riƙa sanarwa kafin a rage ta. Na uku, tunda mai sayen burodi da mai biyan kuɗin ruwa ne ke ɗauke da nauyin fadar, a kafa allon godiya da sunansu a ƙofar kowane zaure. Kafin a biya waɗannan buƙatu, ana shawartar duk wanda ba ya iya biyan bashin katinsa gaba ɗaya a ƙarshen wata da ya sayi tikitinsa da kuɗinsa, ya shigo rukuni na 9, domin da na gaba da na baya lokaci ɗaya jirgi ke sauke su.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya kuma rage masa kuɗin ruwa.

Fasinjojin Rukuni Na 9