Jarkar Kawu da Gangaren Shuwak

Duk abin da ya same ni a daminar 2018, Injiniya ne sila. Ba injiniyan gaske ba ne, ajinmu ɗaya a Jami'ar Gadarif, amma tun ranar da ya gyara fankar ɗakinmu ta koma juyawa da baya sunan ya bi shi. Shi ne ya adana bidiyon gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Koriya ta Kudu a watan Fabrairun shekarar, inda mutane ke ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su sulalo daga kan tsauni a bisa dusar ƙanƙara. Abin da ya hana shi barci, har da ɗan Eritiriya a cikin 'yan wasan, wani Shannon-Ogbnai Abeda.

"Eritiriya fa! Nan bayan Kasala! Da me suka fi mu?"

Na ce da ƙanƙara. Ya ce ai santsi ake nema, ba sanyi ba, santsi kuwa Allah ya hore wa Gadarif.

A nan kam bai yi ƙarya ba. Baƙar lakar nan da ke ba mu dawa da riɗi, da rani takan dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki, amma da zarar ruwa ya taɓa ta sai ka ce an dama sabulu da miyar kuɓewa. Saura gangare, shi kuma in ji Injiniya babu kamar na Shuwak, a bakin kogin Atbara. Tsautsayi ya sa ina da kawu a can.

Hutun mako a Sudan Juma'a ne da Asabar, don haka ranar Alhamis da la'asar muka hau mota, ni da Injiniya da abokinmu Dogo, muka bi titin da ya nufi Kasala. Ba mu daɗe ba muka sauka. Kawu yana zaune a unguwar Hausawa kusa da kogi, cikin jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, hanya ta ajiye su a nan suna noma da su. Da ya tambayi abin da ke tafe da mu, Injiniya ya yi caraf ya ce binciken ƙasa aka aiko mu.

"Madalla," in ji Kawu. "Boko ya yi rana."

Daren Juma'a aka kwana ana ruwa. Da sassafe, Kawu na masallaci, muka ɗauki ɗaya daga cikin jarkokin ruwansa guda biyu, Injiniya ya tsaga ta gida biyu da wuƙar Inna, ya huda, ya zura igiya. Sandunan dogarawa kuma muka zaro kara biyu daga darnin gidan. Da aka zo kan wanda zai fara, sai suka ce ɗan gari shi ya san gari. Ni da rabona da Shuwak tun ina firamare.

Wanda bai san bakin Atbara ba, ƙasar ba a miƙe take gangarawa ba. Ruwan shekaru ya zaizaye ta, ya bar tudu da kwari da kwazazzabo bi da bi, abin da mutanen wurin ke kira karab. Can ƙasa ga kogin ya cika ya batse, jawur da ƙasar Habasha, shi da Setit da suke haɗuwa a wannan yanki. An yi musu madatsa a sama, wadda ta fara ba da wuta a 2017, amma a idona ranar babu alamar wani ya taɓa tare ruwan nan.

Aka ɗaure mini rabin jarka a kowace ƙafa, a kan sabon takalmina. Yara suka taru. Wani ya ce, "Yaya, lafiya?" Ban kula shi ba. Na durƙusa kamar na bidiyo, na kafa kara, na yunƙura.

Ko motsi. Laka ta riƙe ni gam.

Injiniya ya tsuguna yana auna gangaren da tafin hannu, yana maganar kusurwa. Dogo, wanda bai taɓa cin lissafi ba, ya sa hannu biyu ya ingiza ni.

Daƙiƙa uku na farko, wallahi, na ji daɗi. Har na fara tunanin tutar da zan riƙe a gasa ta gaba. Daga nan ƙafar hagu ta nufi Kasala, ta dama ta ce ita Gadarif za ta koma. Na dogara da kara, kara ya tuna mini cewa shi kara ne. Sauran tafiyar da gadon baya na yi ta, ina salati, ƙafafu a sama, jarka na kaɗawa. A tsakiyar hanya akwai wata ƙaya mai ƙugiya da Larabawa ke kira kitir. Ban taɓa lura da yadda sunan Shuwak ya yi kama da kalmar ƙaya a Larabci ba sai a wannan lokacin. Ni na wuce, rabin wandona ya tsaya.

Na tsaya ne a wani kududdufi, gab da ƙafar jakin mai ruwa. Jakin ya dube ni, ya ci gaba da shan ruwansa.

Abin da ya fi ƙayar ciwo shi ne yaran. Da suka gane abin da muke nufi, sai suka tuɓe riguna, suka ja da baya, suka sheƙo, suka faɗa rub da ciki. Ɗaya bayan ɗaya suka sulalo, suka kauce wa kitir ɗin, suka tsaya cak kusa da ni. Ashe wasansu ne na kowace damina, ba jarka, ba kara, ba lissafi.

Muna cikin haka sai ga Kawu a bakin tudu, yana cigiyar jarkarsa. Ya dubi rabinta a ƙafata, ya dubi wandona, ya daɗe bai ce uffan ba.

"Ɗana, binciken ke nan? Tun ina yaro nake koyon yadda zan sauka gangaren nan ban faɗi ba. Ku kuma kun biya kuɗin mota, kun zo neman faɗuwa."

Hukunci bai yi tsanani ba. Injiniya da Dogo suka yini suna jido da jarkar da ta rage, sahu biyu a maimakon ɗaya, sannan suka gyara darni. Ni kuwa ina kwance rub da ciki a kan gadon igiya, Inna na cire ƙaya da hantsaki tana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. A sha bakwai ta tsaya. A tsaye na koma Gadarif, ga kujera a motar.

Bayan mako biyu Injiniya ya zo yana sosa ƙeya. Wai ya bincika, ashe ɗan Eritiriyar nan a Kanada aka haife shi, a can ya tashi, cikin ƙanƙara.

Takalmina na hagu dai lakar ba ta dawo da shi ba. Baƙi ne, lamba 43, ɗaure da rabin jarka ruwan ɗorawa. Duk wanda ya tsinta a bakin Atbara, don Allah ya kai wa Kawu jarkar, har yanzu yana maganarta.