Sababbin Shiga Kiwon Kifin Teku a Ƙasar Gumel

Daga Sule Tankarkar zuwa bakin teku a Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, shi ya sa idan kifin ado na ruwan gishiri ya mutu cikin akwatin gilashi a falon wani, nisa ake fara ɗora wa laifi. Ni ban yarda ba. Ruwan teku a bokiti ake haɗa shi: giram 35 na gishirinsa na musamman a kowace lita, wato kilo 3 da rabi ga akwati mai cin lita 100. Gishirin ana samunsa a saya. Abin da ba a sayarwa shi ne halin mai kifin, kuma a nan ake yin ɓarnar, domin kafin a yi kiwon kifin teku sai an yi kiwon ruwansa, kowane sabon shiga kuwa da irin yadda yake mantawa da haka.

Ga Alhaji Yanzu-yanzu. Ya sayi akwati da hantsi, ya zuba ruwa da azahar, kafin magariba kifi shida na ciki, har an kira maƙwabta kallo. Bai tsaya ya ji cewa kifi na fitar da sinadarin amoniya ba, wanda guba ne gare shi, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke sarrafa gubar ta yi sauƙi. Kafin su yaɗu a jikin duwatsu da matatar akwatin sai an yi kamar mako 4 zuwa 6. Mutumin da ke jiran gero tun daga shuka har girbi, ga shi wata guda ya gagare shi. Ranar da kifin suka juya ciki sama, sai ya ce kambun bakar maƙwabta ce.

Malam Gishiri-gishiri-ne ya fi shi hujja, don haka ya fi shi wuyar sha'ani. Zai tuna maka cewa kakanninmu sun san gishiri tun zamanin da ayarin raƙuma ke kawo shi daga Bilma, ba wani ɗan kanti da zai koya masa. Ranar Alhamis sai ya nufi kasuwar Maigatari ya ɗauko na girki. Na girki kuwa kusan sinadari guda ne, alhali ruwan teku na ɗauke da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam, kowanne da gwargwadonsa. In ka gaya masa haka, sai ya jefa ɗan gutsuren kanwa wai don a cike giɓi. Yana da ƙane, wanda ya sayi gishirin ƙwarai amma ya kasa gane cewa iskar hunturu ruwa kawai take shanyewa, gishirin yana nan zaune. Duk lokacin da ruwa ya ja baya sai ya cika da mai gishiri maimakon zalla, kafin wata ya mutu kifinsa na iyo a ruwan da ya fi ƙarfin teku.

Hajiya Mai-hannun-kyauta ita ba a kwana da yunwa a gidanta, ko da kifi ne. Ƙa'ida a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, amma da sun buɗe baki sai ta ce, “Wayyo, bayin Allah, roƙo suke yi.” Ragowar ta ruɓe a ƙasa, ruwa ya yi duhu, a shiga neman dalili. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kusa da ita akwai tsohon mai kiwon tarwaɗa, wanda ƙwarewarsa ce ke cutarsa. Tarwaɗa tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ruwan da ya gurɓata, shi kuma ya ɗauka duk kifi haka suke da taurin rai. Tambayarsa ta farko game da ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da sunansa, ita ce wata nawa zai yi ya kai kilo. Kifin da ko ya tsufa da ƙyar yake wuce tsawon yatsa.

Wani zai ce na cika ɗora wa mutane laifi, alhali yanayin ƙasarmu ne bai karɓi abin ba. Akwai gaskiya a ciki. Kifin yana son ɗumin da bai fita daga digiri 24 zuwa 27 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, daren hunturu kuma sai da bargo. Ruwa mai ɗumi da gishiri ba ya riƙe iskar numfashi sosai, don haka in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifi ya fara haki. To amma zafin bazara ba baƙo ba ne a Gagarawa, ɗauke wuta ma ba labari ba ne. Wanda ya san da su, ya sayi kifi kafin ya sayi sola da batir, shi ma wani iri ne cikin jerin nan, Malam Allah-zai-kawo-wuta. Wani kuma zai ce almubazzaranci ne a garin da ake sayen ruwa wurin mai garuwa. In don rashin riba ne, ai mai dokin hawan sallah a Gumel ba ya tambayar dokinsa kuɗin harawa. Almubazzarancin yana wurin sayen rai sau uku ana kashewa saboda ƙin tambaya.

Wanda kifinsa ke rayuwa shi ne wanda aka fi yi wa dariya, Malam Shiru. Akwatinsa ya yi wata guda ba komai sai ruwa da dutse, yara na cewa kifin aljanu yake kiwo. Daga baya ya saka guda biyu kacal, yana auna gishiri, yana canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Mai karatu, in ba ka da sola, ko ka san ba za ka iya zaman Malam Shiru ba, fara da ƙarfasa a ruwan rijiya, ka bar na teku tukuna.