Randar Waifai

Da can in baƙo ya yi sallama, akan shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa a kwanon sha, a yi ta gaisuwa har a gangaro kan lafiyar awaki. Baƙon yanzu kuwa tun bai tuɓe takalmi ba ya zaro waya: "Kawu, mece ce lambar sirrin waifan gidan nan?" Ina kwana ma sai alamar nan mai kama da bakan gizo ta fito a goshin wayarsa.

Ɗan yayata ne ya yi min haka ranar Asabar. Na ba shi don zumunci. Kafin la'asar, giga 10 ɗin da na saya domin wata guda sun bi ruwa. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Haba Kawu, ni fa ban taɓa datarka ba, waifai na hau."

To a nan gizo ke saƙar. Mutanenmu sun ɗauka waifai iska ce ta Allah, kowa ya shaƙa a bati. Alhali moɗa ce kawai. Randar ita ce 'yar na'urar da ke lilo a bangon falona, da layin waya a cikinta. Ɗan ga-ruwan da ke cika ta kamfanin sadarwa ne, kuma bai san bashi ba. Shi ma daga ƙarfen sabis yake turowa, ƙarfen kuma yana haɗe da wayoyin da suka dangana da teku a Legas. Shi ya sa a Maris ɗin 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke ta wajen Kodebuwa, muka yi ta hawa katanga muna ɗaga waya sama, ciwon kuwa yana can ƙasan ruwa.

Ita moɗar hannunta gajere ne, 'yan mitoci take kaiwa, bango kuma yana rage mata ƙarfi. Sai da na gane haka na fahimci abin da ya taso majalisar samarin unguwa daga inuwar darbejiya zuwa jikin katangata, cikin rana tsaka. Ni a zatona farin jini na yi.

Sai kuma 'yan "kunna min hosfot minti biyu, saƙo ɗaya zan tura". Shi mai roƙon yana iya zama mai gaskiya, wayarsa ce mayya. Tana jin ƙamshin waifai za ta tuna duk abdet da hotunan da ta jinkirta tun Sallah, ta hau zuƙa ba bismilla.

Halin ba sabo ba ne. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 muka ƙware a filashin, kira ya dawo a aljihun wani. Garaɓasar ce kawai ta sauya riga, ga kuɗin kira da data an ƙara a 2025.

Na dai canza lambar. Majalisa ta koma darbejiya, masu gaishe ni sun ragu. Jiya ɗan yayata ya dawo, ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon ƙafata, har lafiyar awaki, ni da ko kaza ba na kiwo. Ina cikin sa masa albarka na hango babban yatsansa a kan waya, yana jira.