Wai Makarantar Gwamnati Ta Mutu? Yaushe Aka Yi Jana'izar?

Malam, gyara zama. An kusa komawa sabon zango, yaronka ya isa shiga aji ɗaya, kuma na ji hukuncin da ka yanke jiya a teburin mai shayi, kofi a hannu, burodi a baki: wai makarantar gwamnati ta mutu. Allahu akbar! Allah ya jiƙanta. Sai dai ban ji sanarwa a rediyo ba. Wa ya yi mata wanka? Wa ya ja sallar? Kai da ka kawo labarin rasuwar, yaushe rabonka da leƙa gidan mamaciyar?

Ka ce kullum ta ƙofarta kake wucewa? Na yarda. Ni ma kullum ta ƙofar banki nake wucewa, har yau ban san ko nawa ne a ciki ba.

Ka ce ai kowa ya sani? Wannan Kowa ɗin dai, da zan gan shi da na tambaye shi a wace makaranta ya yi bincikensa. Ƙananan hukumomi 44 ne a Jihar Kano, kowacce da hukumar iliminta da sakataren iliminta, dukkansu a ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Firamaren da ke Fagge daban, wadda ke Doguwa daban. Kai, makarantu biyu ma a unguwa ɗaya sai ka tarar kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba, don kawai wannan hedimastan yana riga ɗalibai zuwa, wancan kuwa sai rana ta take. Amma kai ka tattara su duka ka yi musu kuɗin goro, ka kurɓi shayi, ka tashi.

Kada fa ka ɗauka roƙo na zo yi, babu wanda ya ba ni ko sisi. Ciwo akwai shi. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf da bakinsa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma ba a kiran 'yan kwana-kwana don an hango hayaƙin turaren wuta. A Kaduna, a 2017, malaman firamare sama da 21,000 ne suka kasa tsallake jarrabawar 'yan aji huɗu a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i. Duk na sani. To amma mara lafiya dubiya ake zuwa masa, kai kuwa ka shimfiɗa tabarmar zaman makoki tun yana numfashi.

Saboda haka tashi mu je dubiya. Kada ka je Litinin, ranar kowa a kintse yake. Kada ka je Juma'a, da wuri ake tashi. Je ka Talata ko Laraba, bayan an dawo daga tara, lokacin da cikin yara ya ɗauki awara, malamin da zai sulale kuma ya riga ya sulale. Kuma don Allah kada ka aika a ce kana tafe, kai ba mai duba makarantu ba ne da za a share maka fili.

Ka ce daga bakin titi ma ka ga an yi sabon fenti? Madalla. Amarya ma ranar kai ta babu mummuna. Na taɓa shiga wata firamare da ginin gabanta ke walƙiya kamar ofishin banki, har da furanni a tsohuwar taya. Na zaga baya, sai ga aji uku a jere iska ta yaye kwanon rufinsu tun damina, yara sun takure a gefen da inuwa ta rage, suna matsawa rana tana bin su. Fenti na masu wucewa ne a mota. Kai da za ka ajiye ɗa, zaga baya.

Kana can bayan, tambayi makewayi. Ka ce karatu ka kawo yaro, ba zagayawa ba? Kai Malam, ji tsoron Allah. In 'ya mace ce, za ta yi awa biyar ko shida a wurin nan. Ranar da ta fara zama budurwa, in banɗakin babu ƙyaure, babu ruwa, ba za ta gaya maka ba, sai dai ka ga duk wata tana ciwon kai na kwana huɗu. Taɓa tuƙa-tuƙar da hannunka ka ga ko tana kawo ruwa, ko kuwa ta zama abin lilon yara. Dubi katanga, ka ga ko an huda ta an yi hanyar zuwa kasuwa.

Yanzu leƙa aji ka ƙirga kawuna. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya, yara 35 a firamare. Dariya kake? Ni ma na yi. A wani aji biyu da na shiga na ƙirga har 80, na bari don kada a ce maita nake. Amma tsaya ka ji sauran labarin kafin ka ce ka ci gari. Malamar ajin, wata 'yar siririya da muryarta ta dishe, ta raba yaran gida-gida a kan tabarmi, kowane gida da babbansa. Na ɗauki littafin rubutun wata yarinya a can layin baya, gefensa duk ya sha manja. Shafi bayan shafi ga jan biro: an zagaye harafin da ta juya, an rubuta mata daidai a sama, ga kwanan wata na shekaranjiya. Washegari na shiga wani aji a wata makarantar, yara ba su fi 30 ba, ga benci ga fanka, amma rabon littattafansu da jan biro tun makon farko na zango. To, kai da ka iya yanke hukunci, a wanne za ka zaunar da ɗanka?

Ga gwajin da ba ya ƙarya, kuma ba ya cin ko kwabo. Nemi izinin hedimasta a ba ka ɗan aji huɗu. Kada ka karɓi wanda zai miƙo maka, monita ne, shi ake ajiyewa don baƙi. Nuna na lungu, wanda ke ɓuya a bayan ɗan'uwansa. Rubuta masa a takarda da Hausa tsantsa cewa Inna ta aiki Bala kasuwa ya sayo daddawa da kuka, ya kawo canji. Ya karanta, sannan ka tambaye shi me Bala zai sayo. In ya amsa, akwai karatu a gidan nan ko da a gindin darbejiya ake yin sa. In ya tsaya yana kallon silin, sai ka gode wa hedimasta ka nemi takalminka.

Ka ce duk wannan wahalar ta mece ce, ga makarantar kuɗi a bayan layi? Wacce? Wadda aka kama hayar gida mai ɗaki uku, aka mai da kicin aji biyar, aka rubuta mata suna da Turanci mai tsawon jirgin ƙasa? Inda ake ɗaure wa ɗan shekara huɗu wuya da ƙyalle irin na ma'aikatan banki? Akwai na ƙwarai a cikinsu, ban musa ba, har da waɗanda suka fi ƙarfin aljihuna da naka in an haɗa. Amma akwai waɗanda duk ƙarshen zango babu yaron da ke faɗuwa, domin uban da ɗansa ya zo na ƙarshe ba ya dawowa da kuɗin zango na gaba. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Tambayi mai makarantar malamansa nawa ke da ita, ka ga yadda zai tuna ana kiransa a waya. Sannan ka fito da takardar Inna da Bala. Yaron da ya rera maka gaisuwa da Turanci kamar rediyo, a nan za ka ji ko batir ne ko hadda.

Ka ce abin kyauta ba ya albarka? Wa ya ce maka kyauta ce? Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ba tare da kuɗin makaranta ba, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Kuɗinka ne, Alhaji. Ka biya kuɗin tuwo, ka ƙi zuwa ko ɗanɗana miyar. Ga yunifom, ga littattafai, ga kuɗin tara, duk suna jiranka ko ina ka kai shi. In kuma ka zaɓi mai nisa, lissafa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa na zango guda, kafin ka yi wa ta ƙarshen layinku kallon banza.

Ka ce a da ne ake karatu, lokacin su Kwalejin Rumfa? Rumfa tana nan inda ka bar ta. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe tun 1977, har gobe sai an ci jarrabawa bayan aji uku na ƙaramar sakandare ake shiga. Likitan da ya auna maka hawan jini, tambaye shi inda ya yi sakandare. Shi kuma firinsifal ɗin unguwarku, tambaye shi yara nawa ya tura can bara. In ya buɗe durowa ya zaro takarda, ka samu mutum. In ya fara da "ai ka san halin da ƙasa take ciki", kai ma ka san halin da makarantar take ciki.

Ka ce ba ka da lokaci? Kai da ka yi minti 90 a gidan kallo ranar Lahadi, ka ƙara awa guda kana zagin alƙalin wasa? Kwamitin iyaye da malamai ya kira taro sau nawa, sau nawa aka ga hularka? Ke kuma Hajiya uwar yaron, daina dariya, ke ma bikin shekaranjiya sai bayan isha'i kika dawo.

Talata ƙarfe 10 ina bakin ƙofar makarantar. Ka zo da biro da takarda. Shayin kuma kai za ka biya.