Ni da Tekun Zanzibar, da Abin da Ya Gudana Tsakaninmu

Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ba ni da ja a kan wannan magana, sai dai sun yi mana rowar sharhi, domin ba su faɗa mana cewa wani ilimin ba ya zuwa wa mutum sai yana tsaye bisa dutse, rigarsa a ka, jama'ar gari guda sun yi sahu suna kallonsa ba. Ni mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa a zauren malamai a Kano, ya yi girmansa yana karantar da tarihi, saboda haka da yara suka matsa lallai sai an kai su hutu inda za su ga teku, sai na zaɓi tsibirin Zanzibar, wanda mutanensa suke kira Unguja, bisa hujja biyu: ta farko, galibin jama'arsa Musulmi ne, ba za mu sha wahalar masallaci ko ta yanka ba; ta biyu kuwa, wadda na ɓoye a zuciyata, ina da abin faɗa game da tarihinsa, kuma ina bukatar masu sauraro waɗanda ba su da ikon tashi su tafi.

Da muka sauka a tsohon birnin nan na dutse, mai lunguna waɗanda mutum biyu ba sa jerawa cikinsu sai da yafiya, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, sai na buɗe darasi. Na gaya wa iyalina yadda Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan saboda albarkar kasuwanci da kanumfari. Na tsayar da su cikin rana gaban Baitul Aja'ib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883. Na ba su labarin yaƙin da Turawan Ingila suka yi da fadar sarki ran 27 ga Agusta, 1896, wanda aka fara aka gama kafin minti arba'in da biyar. Na rufe da haɗewar Zanzibar da Tanganyika a 1964, inda aka sami Tanzaniya. Saurayin da muka ɗauka ya nuna mana gari, da na gyara masa shekara sau biyu, sai ya kama bakinsa, ya koma bin mu a baya. Uwargida kuwa, wadda ba ta jin Suwahili ko na sisin kwabo, ba mu bar kasuwar Darajani ba sai da ta yi ƙawaye uku, ta yi cinikin kanumfari da kirfa da yatsun hannu, har aka yi mata gyara.

Daga nan muka wuce ƙauyen Jambiani, a gaɓar gabas, inda muka kama ɗaki dab da ruwa. Mun kwana muna jin ƙugin igiyar ruwa a gindin katanga, amma da gari ya waye, hantsi ya dubi ludayi, na leƙa, sai na tarar babu teku. Ya kwashe ya-nasa-ya-nasa ya koma can nesa, ya bar farin yashi da kwale-kwale a kwance, da mata suna ta sunkuye suna aiki a inda jiya kifi yake iyo. Auta ta ce, "Baba, wa ya kwashe ruwan?" Hakika na karanta babin maddi da jazari a littattafan falaki, na san wata ne yake jan ruwa ya sake shi, sai dai a zatona abin bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, ganin wannan fili kuwa, sai na yi ƙiyasi da gulbin ƙasarmu, wanda in ya ƙafe da rani ba ya dawowa sai damina, na yanke hukunci cewa muna da isasshen lokaci.

Na sa babbar rigata ta shadda, na kafa hula, na zura takalmin fata sau-ciki, domin bai kamata baƙo mai mutunci ya shiga cikin jama'a da shigar 'yan kamun kifi ba. Uwargida ta ce, "Malam, ka tambayi mutanen gari mana." Na ce mata mai littafi ba ya tambayar hanya. Na ratsa gonakin matan, waɗanda suke kafa turaku cikin yashi, su ɗaura igiya tsakaninsu, su ɗaɗɗaure ciyawar teku a jikinta har ta yi girma, sannan su shanya ta a sayar wa 'yan kasuwa, a fitar da ita ƙasashen waje inda ake tatsar wani sinadari mai kauri daga gare ta. Na wuce su ina nufin inda igiyar ruwa take fashewa bisa murjani. Da na yi nisa, sai na ji suna ɗaga murya suna yafuto ni, ni kuwa, ganin irin karamcin mutanen wurin, sai na ɗaga hannu na amsa gaisuwa cikin natsuwa, na ci gaba.

Abin da babu littafin da ya gaya mini shi ne, teku in zai dawo ba ya tunkarar mutum gaba da gaba, sai ya bi ta kwaruruka ya zagaye shi tukuna. Ina zaune bisa wani dutse ina jan carbi, ina tunanin ikon Mahalicci, ko da na waiga, sai na ga tsakanina da gari ya zama kogi, matan nan kuma sun ɗora buhunansu a ka sun kusa gida. Na tuɓe takalmi na riƙe, na naɗe riga na ɗora a ka, na shiga ruwa. Ban yi taki goma ba na taka wata halitta baƙa mai ƙayoyi ta ko'ina, wadda take laɓewa cikin ramukan murjani, na yi salatin da na tabbata an ji shi a Darussalam, takalmi ɗaya ya suɓuce ya kama gabansa. Na rarrafa na koma kan dutsena, na tsaya da ƙafa ɗaya, ruwa yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa, ina karanto duk addu'ar da aka ruwaito game da shiga jirgi, alhali kuwa jirgin ne babu.

Wani masunci ne ya zo da ɗan kwale-kwalensa mai fikafikan katako biyu, irin wanda suke kira ngalawa, ya ɗauke ni, bai ce uffan ba, sai dai kafaɗunsa suna rawa. A bakin gaɓa kuwa babu wanda ya yi wannan kawaici: maza da mata da yara, har da ladan, kowa ya riƙe ciki, kuma muryar da ta fi kowace tashi na san ta shekara da shekaru, domin ni na biya sadakinta. Wata tsohuwa ta zaunar da ni bisa tabarma, ta sa aka tsinko ɗanyar gwanda, ta tsattsage bayanta da wuƙa, ta riƙa ɗiga farin ruwanta a tafin ƙafata inda ƙayoyin suka karye, tana yi tana yi mini faɗa da harshen da ba na ji, amma ma'anarsa ba ta ɓuya mini ba ko kaɗan.

Da magariba limamin unguwa, dattijo mai Larabci garau, ya aiko a kai mu gidansa cin abinci. Aka kawo shinkafa da miyar kwakwa, na sa hannu, sai na ɗago wani hannu mai ƙuraje a jere, na dabbar nan mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Na gyara murya na ce, "Allah ya gafarta malam, a mazhabarmu akwai 'yar shubuha game da irin wannan." Ya yi murmushi ya ce, "Ya Shaihu, ashe ku mutanen Kano ba Malikawa ba ne? Mu Shafi'awa muna ci, Imamu Malik kuwa ya fi kowa sauƙi a babin dabbobin ruwa. In kana neman mafaka, sai dai ka koma Bahanafe, kuma ba a sauya mazhaba a gaban akushi." Na rasa ta cewa, na yi bisimilla na tauna, kuma don gaskiya ɗaya ce, sai da na nemi ƙari.

Tun daga wannan rana matsayina a Jambiani ya sauya. A da ina baƙo mai riga wanda ake gaisarwa daga nesa, yanzu na zama abokin wasan kowa. Kowace safiya yara sukan zo ƙofar ɗaki su sanar da ni sa'ar da ruwa zai dawo, domin yakan cika ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum yana jinkirta kusan sa'a guda. Masunta sukan kira ni shan gahawa a gindin kwakwa. Liman ya sa na ja su sallar la'asar. 'Ya'yana suka shiga ƙwallon yashi, uwargida ta koyi ɗaurin ciyawa, ta koya musu dambun nama. Na fahimci cewa mutane ba sa sakin jiki da wanda ya zo ya karantar da su, amma wanda suka tsamo da hannunsu suka yi masa dariya, ya zama nasu har abada. Na kuwa rama, domin ranar sallama na raba musu kilishin da muka yo guzuri, na zauna ina kallon jaruman teku suna hawaye suna neman ruwa saboda yaji.

Har yau uwargida tana ba da labarin nan a gidajen suna da biki, tana ƙara wa ruwan zurfi kowace shekara, ni kuwa ra'ayina bai gushe ba cewa bincike na je yi, kuma an samu natija. Bayan mun dawo gida da 'yan watanni liman ya aiko da saƙo ta waya, yana gaisuwa, yana kuma yi mini albishir cewa an tsinci takalmina a cikin gonar ciyawa, masuncin nan yana kwashe ruwa da shi daga kwale-kwalensa, kuma yana tambaya ko zan yi wa Allah in aiko masa da ɗayan.