Kukuri da Hannun Baƙo

Duk wanda Allah ya nufa ya riƙi wuƙar mutanen Nepal da ake kira kukuri, wadda sojojin Gurka suka ɗaukaka sunanta tun yaƙinsu da Turawan Ingila a 1814, zai tarar hannunsa yana bin ta tilas, domin maƙeran ƙasar, waɗanda ake ce wa Kami, sun lanƙwasa ta gaba, suka tara nauyinta wajen tsini, har ya zamana abin da galibi bai kai kilo guda ba yana sara kamar gatari. Daga tsohon sifirin mota ake yawan ƙera ta, wato ƙarfen da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar kaya a hanyoyin duwatsu, yana tsammanin hutu, sai ga shi an naɗa shi sarkin faskare.

To, abin al'ajabi shi ne baƙo mai yawon buɗe ido, wanda in ya shiga kasuwar Katmandu sai ya zaɓi mafi nauyi, bisa zaton cewa daraja a ma'auni take, alhali manomin dutse, wanda zai wuni yana saran kirare da ita, siririya yake nema, don wuyan hannunsa ma yana da hakki a kansa.

Akwai kuma hikayar da ake yi, wai ba a mayar da ita kube sai ta sha jini. Da maganar ta tabbata, lalle da matan ƙauyen Nepal, masu fere kabewa da ita safe da yamma, tuni yatsunsu sun ƙare.