Yadda Na Tsere wa La'ada

Ni mutum ne mai lissafi, kuma ba yabon kai ba ne, shi nake koyarwa a wata firamare a Gwandu. Don haka ranar da na yanke shawarar sayar da kangon da na gada in sayi fili a Kalgo, abin da na fara bugawa shi ne la'ada. Kashi biyar cikin ɗari a nan, kashi biyar a can, duk don wani ya zauna gindin dogon yaro yana kaɗa makullin babur yana jiran guminka. Na ce ba da ni ba.

Kalgo kuwa ba haka kawai ta shiga raina ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin ya faɗa kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kowa a ofishin malamai ya zama masanin filaye. Ka gina ɗaki shida, ka zuba ɗalibai, ka kwanta kana ƙirga kuɗin haya. Mu a Gwandu mai martaba ma Birnin Kebbi yake zaune, an bar mu da suna da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma masu ziyara ba sa kama haya.

Na sanar da maganar kango bayan sallar asuba. Kafin hantsi sai ga baffana, ya shimfiɗa buzunsa a zaure.

"Ɗana, na ji za ka saida kangon ɗan'uwana ga baƙo, ina raye?"

Na ce wane ni, Baffa. Ya taya. Tayin da ko akuya ce aka yi wa shi, mai ita zai ja igiyarsa ya bar kasuwa. Kalmar albarka ta taso mini har maƙogwaro, sai ya tuna mini cewa shi ya riƙe ƙafar ragon sunana, kuma shi ya goya ni zuwa gidan wanzami. Na haɗiye albarka, na ji bakina yana cewa Allah ya sa alheri. Ya ba ni sulusi, saura sai bayan kaka. Nan ne, a ganina, rabin sana'ar dillali take: ba shi da baffa a cikin ciniki. Yana iya kallon tsoho mai furfura ya ce masa albarka, gobe su gaisa a masallaci lafiya lau.

Baffa dai mutum ne mai cika alkawari. Bai ma jira kaka ba. Ya sa dillali ya sayar wa wani ɗan kasuwa kangon kusan ninki biyu, ya kawo mini ragowar kuɗina cif, har ya ɗora mini nasiha a kan riƙon zumunci.

A Kalgo aka nuna mini wani dattijon dillali a bakin kasuwa, yana zaune kan tsohon babur da goro a kumatu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wane irin hili kaka so? Na tudu, ko na arha?"

Na gane tarko ne nan take. Na ce zan yi shawara. Ban yi nisa ba wani saurayi mai tsabtar shadda ya sha gabana, ya ce kada in biye wa dillalai, yana da fili nasa na kansa, daga hannu sai hannu. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da ake faɗa a ofishinmu ba. Na ji a jikina cewa addu'ar iyaye ce take bina.

Watan Maris ne, rana tana dukan tsakar ka. Muka bar kwalta, muka gangara, muka ƙara gangarawa. Fili shimfiɗe, ba dutse ba kututture, baƙar ƙasa duk ta tsattsage kamar diddigen mai faso. Ba gida ko ɗaya a kusa, abin da na fassara da cewa akwai wurin faɗaɗawa. Gindin wata bishiya na ga kwalekwale a kife. Na tambaya, ya ce ajiyar wani ce. Na ce Allah sarki, ashe unguwar akwai amana.

A teburin mai shayi muka rubuta takarda, a fallen da ya yago daga littafin makaranta. Shaidu biyu: mai shayin, da wani bawan Allah da ke jiran a soya masa ƙwai. Muka goga tawadar biro a babban yatsa muka dangwala. Kada a ce ban san doka ba. Na san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kanta, kuma ko kafin a je can mutane kan fara da hatimin mai unguwa da na hakimi. Na tayar da maganar. Saurayin ya ce mai unguwa ya tafi Umara, da ya dawo za a buga. Wa zai yi gardama da mai ibada? Na sa aka kawo bulo aka jera a kusurwa huɗu, na koma gida ina zana ɗakuna a bayan rajista.

Cikin Agusta na ɗauki shatar mota, na ɗauko maiɗakina da mahaifiyarta, don su ga abin da namiji ya yi. Inda muka gangara a da, direba ya taka birki ya ce iyakarsa ke nan. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, shinkafa kore shar tana kaɗawa a ciki. Kwalekwalen nan ya tashi daga kifewa, da mutum a cikinsa. Na naɗe wando na shiga neman bulona. Ɗaya na samu, da ƙafa, kuma babban yatsana ne ya fara samunsa.

Surukata mace ce mai kunya, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. 'Yarta ta tambaya, da muryar da za a ji a Bunza: "Ke, su ɗaliban da za su kama hayar, tarwaɗa ne ko ƙarfasa?"

Mai kwalekwale ya matso ya yi sallama. "Bawan Allah, mi kaka nema cikin gonarmu?"

A zauren mai unguwa, wanda ya rantse bai taɓa wuce Sakkwato ba, magana ta fito. Fadamar gado ce da ba a raba ba. Mai kwalekwale shi ne babban wa, saurayina shi ne auta, kuma an ce ya tafi Ikko neman kuɗi. Muna cikin haka sai ga wani Alhaji daga Birnin Kebbi ya shigo yana huci, ya zaro tasa takardar. Mai unguwa ya karɓi tawa ya kara da tasa. Yagar ta zauna daram. Littafi ɗaya, mai shayi ɗaya, kuma ba wadda aka sa wa kwanan wata, balle a san wa ya riga wa.

Aka aika a kira wanda ya san iyakoki. Ƙarar tsohon babur na ji, na fara neman inda zan sa fuskata. Dattijon bai buɗe takarda ba. Ya faɗi wanda ya sare wurin, da wanda ya karɓa aro, da 'ya'yan mamacin mata da ke aure a Jega da Bunza, da wadda ba ta ga-maciji da wanta, da inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020. Ya ce mutum uku sun nemi ya sayar musu da wurin nan da rani, ya ce su dawo da damina su gani, ba wanda ya dawo. Sai da ya gama ya juyo ya gyara goronsa.

"Malam, ashe na arha ka zaɓa."

Liman ya ce a fitar da rabon auta, tunda iyakar abin da zai iya sayarwa ke nan, sai mai unguwa ya tuna akwai malamin lissafi a zaure. Aka miƙo mini alli. Uwarsu, matar mamacin, tana raye, tumuninta ɗaya bisa takwas. Maza huɗu, mata shida, namiji rabon mata biyu. Na buga a ƙasa gaban jama'a, rabon auta ya fito ɗaya bisa takwas, in an raba ni da Alhaji kowa ɗaya bisa goma sha shida. Aka yi ta yaba saurin hannuna.

Liman ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya mai saye ya karɓe rabon da aka sayar, don kada baƙo ya shigo cikinsu. Babban wa ya ce ya ji ya karɓa, har zai ƙara wani abu don a rufa wa gidansu asiri, amma kuɗi sai an yanke shinkafa. Dillali ya tsara sulhun, aka ce kowa ya ba shi na goro. Na ba shi.

Da kaka aka biya ni da buhunan shanshera. Na kai kasuwa, na tarar ba mai taya buhu sai ta hannun dillalin hatsi, shi ma ya cire tasa a kan kowane buhu. Abin da ya rage maiɗakina ta karɓa ta ƙulle, ta hau mota zuwa Kalgo ita da ƙanenta. Yanzu dattijon yana nema mana rabin fili a kan tudu, kuma an yi yarjejeniya lambarta zai riƙa kira. Ni an ce za a neme ni ranar dangwala hannu.